Yara Sittin na Malam Maharazu

Malam Maharazu Maska yana da shekara arba'in da takwas, sufeton makarantun firamare ne a yankin Malumfashi, kuma bana ya cika shekara talatin yana aikin ilimi. Matarsa ɗaya, Rabi'atu, 'ya'yansu bakwai. Yana da gona a bayan gari inda yake noma masara da auduga, da babur ɗaya da ya saya tun 1977. Daga watan Oktoba na 1980 zuwa ƙarshen Satumba na wannan shekara ta 1988, ɗalibi ne a wata jami'a ta ƙasar Ingila wadda bai taɓa ganin ko ƙofarta ba. Digiri na biyu yake nema a fannin ilimi, ta hanyar wasiƙa. Jami'ar ta ba shi shekara takwas ya gama, ba ƙarin ko kwana ɗaya.

Sunan da aka raɗa masa Jibo. A 1949 ɗan saƙon hakimi ya zo Maska yana rubuta yaran da za a sa makarantar elemantare, ya rubuta sunan wansa, Maharazu. Ubansu ya ga ba zai iya rabuwa da babban ba, domin shi ne ya fara riƙe fartanya da kyau. Ranar da za a tafi sai ya kama hannun ƙaramin ya miƙa, ya ce masa in an kira Maharazu ya amsa. Ya amsa, kuma har yau yana amsawa. Sunan ne a duk takardunsa. Wan nasa yana nan Maska yana noma, ana kiransa Maharazu Babba. Mahaifiyarsu kuwa har ta rasu ba ta daina cewa Jibo ba.

Karatunsa bai taɓa tafiya a jere ba. Ya samu ƙaramar takardar malanta a 1958, aka tura shi ƙauye. Bayan shekara huɗu ya koma ya yi babbar, aka sake tura shi wani ƙauyen. Ya koyar a Dayi, ya koyar a Kafur, ya yi hedimasta a wurare uku. Lokacin da aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta a 1976, yana cikin waɗanda suka zaunar da yara ɗari a gindin bishiya da allo ɗaya. Digirinsa na farko a Zariya ya yi shi, ya gama a 1979 yana da shekara talatin da tara, mafi yawan abokan karatunsa sun girmi babban ɗansa da kaɗan ne kawai. Da ya dawo aka ba shi sufeto.

Abin da yake so shi ne koyar da malamai a kwalejin ilimi. Ya faɗa wa duk wanda ya zauna da shi. Ya ce ya ga isassun malaman da aka ba alli ba su san yadda ake sa yaro ya haɗa baƙi da wasali ba, kuma gyaran sai daga inda ake horar da su. Amma gurbin da yake nema a kwaleji sai mai digiri na biyu. Sau biyu ya nemi hutun ƙaro ilimi, sau biyu aka ce babu wanda zai riƙe masa makarantunsa arba'in da ɗaya. Ko da an ba shi ma, gida da gona da tsohuwar mahaifiyarsa, wadda a lokacin tana raye amma ba ta gani sosai, ba za su bar shi ya yi shekara biyu a wani gari ba.

A wata jaridar Turanci ya ga sanarwar. Za a aiko wa ɗalibi littattafai da tambayoyi har gida, ya amsa ya mayar. Darussa shida ne, kowanne da jarrabawar da za a zauna a Kaduna. Bayansu sai bincike, wanda ɗalibi zai yi a inda yake, ya rubuta kundi ya aika. Ya yanke sanarwar da reza, ya yi kwana tara tana aljihunsa, sannan ya rubuta.

Jami'ar ba ta karɓar rubutun hannu. Wannan ne ya haɗa shi da Benedict, wani mutumin kudu haifaffen Funtuwa, mai shagon buga takardu da tafireta kusa da tashar mota. Hausar Benedict ta fi ta wasu 'yan gari, bakinsa kuma ba ya hutawa. Tun zuwan farko ya laƙaba masa suna.

"Farfesa ya iso! A ba Farfesa benci. Yau me Turawa suka tambaya?"

"Tambaya suke yi a kan yadda yaro yake koyon lissafi."

"To ka ce musu da bulala. Layi ɗaya ke nan, na buga maka kyauta."

Duk ranar Asabar ta biyu a wata Malam Maharazu yakan hau babur daga Malumfashi zuwa Funtuwa da takardunsa cikin jakar leda a ɗaure a ƙirji. Ya zauna yana karanta wa Benedict inda rubutun bai fito ba, su gama, ya liƙa kan sarki ya jefa. Wasiƙa takan yi mako biyar a hanya, amsarta ta yi wasu biyar. Kafin ya ji ko ya yi daidai a darasin da ya rubuta da rani, an yi shuka. Akwai littafin da ya iso ana saura kwana goma jarrabawarsa, ya faɗi wannan darasin, ya maimaita a shekara ta gaba. A ƙarshen 1983 ya ci duka shida.

A gida an san da zaman karatun. Akwai teburi ɗaya a ɗakin zaure na ciki, Rabi'atu ta hana kowa taɓa shi. Ta ce shekarun nan duka ba ta shanya ko barkono a kai ba. In yara suna hayaniya bayan la'asar takan kore su gidan maƙwabta.

"Malam, wai in ka gama ɗin nan me za a riƙa ce maka?" ta tambaye shi wata rana.

"Malam."

"To da ma ba shi ake ce maka ba?"

"Za ki ga bambancin in mun koma gidan kwaleji mai famfo a tsakar gida."

"Famfon dai nake jira," in ji ta.

Don binciken, jami'a ta haɗa shi da wata malama da za ta riƙa duba aikinsa. Bai taɓa jin muryarta ba, bai ga hotonta ba, sai sa hannunta da koren biro. Malama kawai yake kiranta. Tun bai gama darussan ba suka fara musayar wasiƙa, suka yi wata shida kafin su daidaita. Zai zaɓi yara sittin 'yan aji uku, 'ya'yan manoma, ashirin-ashirin daga makarantun ƙauye uku. Zai gwada karatunsu sau uku a shekara har shekara uku, ya ga yadda karatun kowane yaro yake ƙaruwa, da abin da yake tsayar da shi. Duk darajar aikin, kamar yadda ta rubuta masa har sau biyu, ita ce yaran da aka fara da su su ne za a gama da su. Ta raba shekara gida uku, ta sa watannin gwaji: Fabrairu, Yuni da Nuwamba. Bai yi mata gardama ba. Ya san Yuni lokacin noman farko ne, Nuwamba kuma ana ɗibar auduga, amma ya ga rana ɗaya ce kawai yake nema a wurin kowane yaro.

Ya zaɓi makaranta ɗaya a wajen Kafur, ɗaya a wajen Maska, ta ukun a Unguwar Maitama, wani ƙaramin ƙauye da ke bayan Dayi. Ya fara a Fabrairun 1984. Tsarinsa bai canza ba. Ana saura mako guda yakan aika wa hedimasta takarda cewa ranar kaza zai zo, a tara masa yaransa ashirin. Ran nan ya iso da hantsi, ya zauna a bakin aji da agogo a kan teburi, ya kira suna. Yaro ya zo ya tsaya a gefensa, ya karanta abin da aka nuna masa na minti uku. Idon Malam yana kan takarda yana sa alama a duk kalmar da aka yi tuntuɓe, ɗayan idon yana kan agogo. Yaro ya koma, a kira na gaba. Kafin azahar ya gama ya hau babur.

Sau tara ya yi haka a kowace makaranta. Abin da ya fi faranta masa rai, wanda har ya rubuta wa Malama da alfahari, shi ne ba a taɓa samun yaro ɗaya da ya yi fashi ba. Suna sittin, gwaji tara, kowane gurbi a cike.

Ya gama a Nuwamban 1986. Ya yi wata huɗu yana tsara alƙaluman, Benedict ya buga shafi ɗari da tamanin, da jadawalin da ya sa shi zagin tafiretarsa har sau uku. Malam Maharazu ya lura wasu sakamakon suna hawa da sauka. Ya yi musu bayani a babi na biyar: yunwar bazara, gajiyar aikin gona, zazzaɓin damina. Ya aika a watan Maris na 1987.

Amsar ta zo a tsakiyar Yuni, shafi biyu. Malama ta yaba da ƙoƙarin. Sannan ta ce akwai abin da ta kasa fahimta. Ta kawo misalin wani yaro na Unguwar Maitama, Bature Mati. A Fabrairun 1984 ya karanta shafi guda ba tuntuɓe. A Yunin shekarar bai iya gane baƙaƙe ba. A Nuwamban 1985 ya karanta abin da ɗan aji shida ne yake iyawa, bayan wata uku kuma ya koma haɗa baƙi da ƙyar. Ta ce gajiya tana rage saurin yaro, amma ba ta goge masa baƙaƙe daga kai ta mayar masa da su. Ta ƙirga yara ashirin da uku masu irin wannan. A ƙarshe ta yi tambaya ɗaya: ya tabbata yaran nan su ne dai waɗanda aka fara da su?

Ransa ya ɓaci. Ya ce wa Rabi'atu matar nan tana zaune a ƙasarsu tana ganin kamar bai san aikinsa ba. Washegari ya ɗauki babur ya nufi Unguwar Maitama, karo na farko ba tare da ya aika ba.

An yi ruwa kwana biyu kafin nan, kowa yana gona. A makarantar ya tarar da yara goma sha ɗaya a ajin da rajista ta ce arba'in. Hedimasta ya tafi Dayi. Ya tambayi gonar Mati, aka nuna masa. Ya same shi a duƙe cikin kunyar auduga tare da yara uku.

"Sannu da aiki, Malam Mati."

"A'a, ranka ya daɗe, yau kai ne a gona? Ba a faɗa mana za ka zo ba, ai da an shirya."

"Wucewa nake yi. Ina Bature? Ina son in ji karatunsa."

Mati ya miƙe ya share gumi. "Wane Baturen? Na makaranta ko nawa?"

"Su biyu ne?"

"Nawa ai yana Funtuwa wurin ƙanena, yana koyon gyaran injin niƙa. Bana shekara uku ke nan. Na makaranta kuwa, yanzu wannan ne." Ya nuna wani yaro da bai wuce shekara takwas ba. "Da damina shi yake zuwa, don bai isa noma ba, yau ne kawai ya biyo mu. In an yi kaka aka kai auduga kasuwa, sai wansa ya karɓe shi, shi kuma ya bi awaki."

Malam Maharazu ya tambaye shi tun yaushe ake haka.

"Tun da aka rubuta mu. Mai unguwa ya ce kowane gida da aka rubuta, kada a kira suna a ji shiru. To, alhamdu lillahi, sunan gidan nan bai taɓa fashi ranar zuwanka ba. Ka duba littafinka. Akwai ma zuwan da ka yi duk suna ɗibar auduga, ɗan maƙwabcina na roƙa, wanda ya gama aji shida. Aka ce ya yi karatu har ka gyaɗa kai."

Mati ya ga fuskar baƙon nasa ta canza, sai ya ajiye fartanya.

"Malam, in laifi ne a faɗa mana. Mu dai mun ga gurbin na gida ne."

"Ba laifinka ba ne," in ji Malam Maharazu.

Ya zauna a bakin makarantar har hedimasta, Malam Ummaru, ya dawo a kan keke. Tsohon ɗalibinsa ne, shi ya koya masa karatu a Kafur. Bai yi musu ba ko kaɗan. Mamaki ma ya yi da aka tambaye shi.

"Yallaɓai, takardarka cewa take yi a tara maka yara ashirin. Ashirin muke tara maka."

"Ummaru, na ba ka sunaye."

"Sunayen muke kira, yallaɓai. Ka taso tun daga Malumfashi a kan babur, ga aikin Turai a hannunka, sai mu bar ka ka koma da takarda rabi babu komai? Da wane ido zan dube ka? Kuma ka san in rajista ta nuna yara sun ragu, haɗe mu za a yi da wata makarantar."

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Malam Ummaru ya sunkuyar da kai. "Na ɗauka ka sani. Kowa ya san kai ma haka ka shiga."

Wannan maganar ce, in ji Malam Maharazu, ta fi zama masa a rai. Ya ce shi a ganinsa abin da ubansa ya yi a 1949 na zamanin tsoron boko ne, kuma musaya ce sau ɗaya, an ba da wannan an riƙe wancan. Bai taɓa kawowa a ransa ba cewa bayan shekara talatin da biyar gida zai riƙe gurbi a aji kamar yadda ake riƙe rumfa a kasuwa, duk wanda hannunsa ya sarara ya je ya zauna. Yaran 'yan gida ɗaya ne, kansu a aske, rigarsu iri ɗaya, wata uku zuwa biyar tsakanin gani da gani. Shi kuma takarda yake kallo.

Saura wata goma sha biyar wa'adinsa ya cika. Aikin shekara uku ba ya sake yiwuwa. Ya kai wa Benedict labarin, Benedict ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya ga abokinsa ba dariya yake yi ba.

"To Farfesa, abin mai sauƙi ne. Ashirin da ukun da ta gani, a cire su. A ce sun yi ƙaura. Saura talatin da bakwai, mu gyara jadawali, mako biyu na gama."

"In su ma an musanya su fa?"

"Wa zai taso daga Ingila ya zo bayan Dayi yana ƙirga kawunan yara? Ko kai da kake nan ba ka gane ba."

"Ni zan sani."

"Kai za ka sani, kana zaune a gidan kwaleji. Yanzu ma ka sani, kana kan babur."

Malam Maharazu bai ce a'a ba a ranar. Ya ce zai fara dubawa. Daminar 1987 gaba ɗaya ya yi ta yana bin gidajen yaran talatin da bakwai, ɗaya bayan ɗaya, bayan ya tashi aiki da ranakun Lahadi. Hanyar wajen Maska ta yanke, ya riƙa barin babur a bakin rafi yana ƙarasawa a ƙasa. A kowane gida sai an shimfiɗa masa tabarma an kawo ruwa, sannan a yi ta lissafin baya: wace shekara ce aka yi farin nan, wa ya je makaranta lokacin da aka haifi wance. Ba wanda ya ɓoye masa komai. Wasu iyayen har godiya suke jira. A wani gida a wajen Kafur yara huɗu ne suka amsa suna ɗaya, cikinsu har da mace, Maijidda, wadda aka sa wa hular wanta. Da ya gama zagayen a watan Oktoba, yaran da ya tabbata su ne suka zauna gwaji tara da kansu goma sha huɗu ne.

Ya rubuta wa Malama duk abin da ya gano, bai rage komai ba. Benedict ya buga wasiƙar yana tsaki.

Amsarta ta iso a watan Janairu na bana. Ta ce goma sha huɗu sun yi kaɗan a gina kundin a kansu. Amma ta ce abin da ya gano ya fi abin da ya je nema, domin in haka ake yi a wasu wuraren, to alƙaluman da ake bugawa na yawan yaran da ke makaranta suna buƙatar a sake dubansu. Ta ba shi shawara ya mai da wannan ya zama bincikensa, ita kuma za ta roƙi kwamitin jami'a ya ƙara masa shekara biyu. Ya karanta wa Rabi'atu wasiƙar yana fassara mata. Mako shida ya yi yana tsara sabon aikin, har ya fara zaɓen ƙauyuka.

Takardar kwamitin ta zo a watan Afrilu, layi bakwai. Ba a ƙara wa'adi. Sabon bincike sabuwar rajista ce, a sake biyan kuɗin karatu daga farko a kan farashin yanzu. Tun da darajar naira ta faɗi a 1986, wannan kuɗin ya fi albashinsa na shekara uku. A cikin ambulan ɗin akwai 'yar takarda da koren biro. Malama ta ce ta yi iya ƙoƙarinta, kuma a ƙarshen watan Yuli za ta yi ritaya.

Ya yi abin da ya rage. Ya sake rubuta kundin a kan yara goma sha huɗun, ya ƙara babi guda a kan musayar yara, ya bayyana yadda kuskuren ya faru da hannunsa a ciki. Benedict ya ajiye sauran aikinsa ya buga shi cikin kwana goma sha biyu, bai kira shi Farfesa ba ko sau ɗaya. Aka aika a farkon Yuni.

A cikin watannin jiran ne aka cike gurbin da ya daɗe yana hange a kwalejin ilimi. Wanda aka ɗauka saurayi ne ɗan shekara talatin da ɗaya, ya dawo da digiri na biyu daga Zariya. Malam Maharazu ne ya koya masa a aji biyu a Dayi. Saurayin ya zo har gida ya durƙusa ya gaishe shi, ya nemi ya sa masa albarka. Ya sa masa.

Sakamakon ya zo ranar ashirin da shida ga Satumba. Masu jarrabawa biyu, waɗanda bai san ko sunansu ba, sun ce aikin na gaskiya ne kuma babin ƙarshe yana da ban sha'awa, amma bai amsa tambayar da aka yi rajista da ita ba, yaran kuma sun yi kaɗan. Ba a ba shi digiri ba. Jami'ar ta ce za ta aiko masa da takardar shaidar cewa ya ci darussa shida. Ya kai maganar wannan takarda ofis ya tambaya ko tana da wani matsayi a tsarin aiki. Aka duba littafin ƙa'idoji, ba a same ta a ciki ba.

Bai daina zagayen makarantu ba. Yanzu ba ya aikawa kafin ya je, kuma in ya kira suna yakan ɗaga kai ya dubi yaron. Ya rubuta rahoto a kan musayar yara ya miƙa wa na gaba da shi tun watan Mayu. Ba a amsa ba tukuna. Wani abokin aikinsa ya ba shi shawara kada ya matsa, domin da yawan sunayen rajista ake raba malamai da benci da alli, in aka tona makarantun yankinsa ne za su fara rasawa. A Unguwar Maitama, ko da yake ya kamata a ce ya gama aji shida, har yanzu ana kiran Bature Mati kowace safiya, ana kuma amsawa.

Rabi'atu ta tambaye shi ko za a iya amfani da teburin yanzu. Ya ce ta ɗauka. Littattafan ya zuba su a buhun taki guda biyu ya ɗora a kan rumbu. Saura shekara biyar ya cika talatin da biyar a aiki, ya yi ritaya. Da aka tambaye shi ko zai sake nema a wata jami'a ta nan gida, ya ce sai da hutun ƙaro ilimi, kuma ba a ba wanda ya kusa tafiya.

A makon jiya aka raba wa ma'aikatan ilimi fom na sabunta bayanansu, saboda sabuwar jihar Katsina tana tsara fayilolinta. Akwai layin da ake rubuta takardar ilimi mafi girma, a ƙarƙashinsa kuma layin karatun da ma'aikaci yake kan yi. Ranar Litinin Malam Maharazu ya cike nasa a tsaye a bakin kantar ofis. A layin farko ya rubuta digirin 1979. A na biyun ya ja layi, ya sa hannu, ya miƙa wa akawu.